Zanen Ɗigo: Abin Da Mai Ɗinkin Hula Zai Koya Wa Matashin Dutse

Duk wanda ya riƙe wayar Nokia 3310 a shekarun farko na shigowar wayar salula ƙasar nan ba zai manta da macijin nan ba, wanda ake sarrafawa da maɓallai, yana cin abinci yana ƙara tsawo har ya kai ga sarar kansa. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, fuskar waccan waya ɗigo 84 ce a kwance, 48 a tsaye, wato ɗigo 4,032 ke nan gaba ɗaya. Da su aka zana macijin, da su aka rubuta haruffan saƙo da alamar batir. Kowane ɗigo kuwa, mutum ne ya zauna ya yanke shawarar ko ya yi baƙi ko a bar shi babu komai.

Waɗannan ƙananan murabba'ai su ne masana kwamfuta ke kira fiksel, mu kuma bari mu kira su ɗigo. Wayoyin da ke hannun matasanmu a yau, da dama daga cikinsu suna da ɗigo fiye da miliyan biyu, ta yadda ido ba ya iya rarrabe ɗaya da ɗaya. Duk da haka, fasahar jera ɗigo ɗaya bayan ɗaya domin fitar da hoto ba ta mutu ba. Ta zama fanni mai zaman kanta a duniyar wasannin bidiyo, akwai masu cin abinci da ita, akwai kuma wasannin da aka yi da ita da suka sayu miliyoyin kofe.

Idan mutum ya zagaya Takur ko Yalwawa ko Gida Dubu a garin Dutse da yamma, zai ga samari sun duƙufa a kan wayoyi suna buga wasanni, sun kashe kuɗin data da na caji. Da wuya ka ga wasa ɗaya a cikinsu da ke ɗauke da dutsen garinsu, ko itacen dabino, ko rumbun gero. Masu saye muke, wasu ne masu ƙerawa. Maganar da nake son yi ita ce, a duk ƙofofin shiga wannan harka babu wadda ta fi zanen ɗigo kusa da ɗan Jigawa, domin jarinta kaɗan ne, kuma tarbiyyar da take buƙata muna da ita a gida, a hannun masu ɗinkin hula.

Fasahar da ƙunci ya haifa

Zanen ɗigo bai samo asali daga ƙwalisa ba, rashi ne ya haife shi. Na'urorin wasa na farko ba su da ƙarfin riƙe hoto mai yawa. A 1978, lokacin da Tomohiro Nishikado na ƙasar Japan ya fitar da wasan Space Invaders, dodannin da ke cikinsa 'yan ɗigo ne da mutum zai iya ƙirgawa da yatsa. A 1981 Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo ya ƙirƙiro ɗan talikin nan da daga baya aka sa wa suna Mario, a cikin wasan Donkey Kong. Filin da yake da shi bai wuce ɗigo 16 a kwance da 16 a tsaye ba. Zana gashi mai motsi a irin wannan fili abu ne mai wuya, sai aka ɗora masa hula. Baki ba zai fita sosai ba, sai aka yi masa gashin baki domin hanci ya bayyana. Kayan da ya sa ma an zaɓe su ne domin a ga motsin hannuwansa. Siffar da duniya ta sani a yau, dabarar mai ƙarancin kayan aiki ce.

Haka na'urar Game Boy da ta fito a 1989: fuskarta ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye, launi kuwa mataki huɗu kacal daga haske zuwa duhu. A cikin wannan taƙaitaccen fili aka gina garuruwa da dazuzzuka da labarai da suka riƙe zukatan yara na tsawon shekaru. Darasin a fili yake: idan fili ya yi ƙunci, babu inda kasala za ta ɓuya. A zanen da duka-duka ɗigo 256 ne, kuskuren ɗigo ɗaya kan mai da ido ya koma tabo, ya mai da murmushi ya koma ɓacin rai.

Allura da zare

Mai karatu ya cire hular da ke kansa, ko kube ce ko zanna, ya duba ta kusa da ido. Zai ga ƙananan ɗinki a jere, kowane da gurbinsa, kowane da launin zarensa. Ya nisanta ta kaɗan, sai ɗinkin ya ɓace, zane ya bayyana. Wannan shi ne zanen ɗigo, bambancin kawai wancan a kan gilashi yake, wannan a kan yadi. Mai zanen hula ya san cewa launukan zarensa ƙididdigaggu ne. Ya san cewa adon da ya fara dole ya zagayo ya haɗu da mafarinsa ba tare da an ga mahaɗa ba. Mai ɗinki kuma, wadda a ƙauyukanmu sau da yawa mace ce a cikin gida, ta san cewa hula mai kyau makonni take ci, wani lokaci watanni, kuma idan layi ya karkace sai an warware an sake.

Kada a ɗauka wannan kwatance na ƙawata magana ne. Susan Kare, Ba'amurkiyar da ta zana ƙananan alamomin kwamfutar Macintosh da ta fito a 1984, a cikin littafi mai gidaje-gidaje ta fara aikin, tana cike gida ɗaya bayan ɗaya a fili mai gida 32 a kwance da 32 a tsaye. Ita da kanta ta sha alaƙanta wannan aiki da ɗinkin ado na allura da ta koya a wajen mahaifiyarta. A yau waɗancan zane-zane nata na takarda suna cikin kayan da babban gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya mallaka. Idan ɗinkin allura ya shirya wata ta zana fuskar kwamfuta a Amurka, me zai hana ya shirya ɗan Kiyawa ko 'yar Jahun, waɗanda suka tashi suna ganin ana yin sa a tsakar gida?

Abin da ya fi muhimmanci da za a ɗauka daga mai ɗinkin hula shi ne yadda ta koya. Ba a ba ta hular sarauta ranar farko ba. Ta fara da abu mai sauƙi, a gaban wadda ta fi ta, ana duba aikinta ana nuna mata inda ta kauce. Tana yi kullum, ko da kaɗan ne, tsakanin girki da sauran hidimomi. Hausawa sun ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Yadda ake hawan tsanin

Wanda yake son farawa ba ya buƙatar jiran kwamfuta. Littafin lissafi mai gidaje-gidaje da fensir sun ishe shi. Ya zana murabba'i mai gida 16 a kowane ɓangare, ya ɗauki abu ɗaya daga tsakar gida, buta ko tulu ko fartanya, ya fitar da siffarsa da baƙi zalla, ba ado ba inuwa. Sai ya nuna wa ƙaninsa ba tare da ya faɗa masa komai ba. Idan yaron ya ce buta ce, an yi nasara. Idan ya yi shiru yana juya takarda, sai a sake. Wannan matakin shi ne ginshiƙi, domin mai buga wasa da siffa yake gane abu a cikin ƙiftawar ido, tun kafin ya lura da launi.

Mataki na biyu shi ne layi. A duniyar murabba'ai babu layi mai lanƙwasa na gaskiya, matakala ce ake jerawa har ido ya ɗauke ta a matsayin baka. Idan matakalar ta tafi da tsari, misali ɗigo uku, sai biyu, sai ɗaya, cikin tulu zai fito sumul. Idan ta tafi uku, ɗaya, biyu, sai layin ya zama kamar bakin tsohuwar wuƙa. Haka nan ɗigo maraya, wanda ya tsaya shi kaɗai ba tare da aikin da yake yi ba, datti ne a ido, gara a share shi. Mai koyo zai iya yin wata guda yana zana da'ira da ƙwarya da randa kawai, kuma bai yi asarar lokaci ba.

Na uku shi ne launi da haske. Jarabar mafari ita ce ya ga manhaja ta ba shi launuka dubbai sai ya ɗebo ko'ina. Gwanaye kan ba da shawarar a tsaya a kan launi huɗu tukuna. Sannan a yanke shawarar ta ina rana take, a tsaya a kan haka har ƙarshen zanen. Wanda ya sa duhu a duk gefunan abu, haske a tsakiya, zai samu abu mai kama da matashin kai, ko da dutse yake nufi. Akwai kuma wani sirri da duk wanda ya kalli duwatsun Dutse bayan la'asar zai gani da idonsa: ɓangaren da rana ke duka yana karkata zuwa ruwan ɗorawa, ɓangaren inuwa kuma yana karkata zuwa shuɗi ko shunayya. Saboda haka inuwa mai rai ba a samun ta da ƙara baƙi kawai, sai an ɗan juya launin. Idan ana son launi na tsakani kuma babu shi, sai a cakuɗa biyu ɗigo bayan ɗigo kamar gidajen allon darafti, ido da kansa zai gauraya su.

Na huɗu shi ne tayil, wato ɗan gutsuren zane da ake maimaitawa har ya zama fili mai faɗi: yashi, ciyawa, ruwa, katangar ƙasa. Sharaɗinsa shi ne idan an jera shi gefe da gefe kada a ga mahaɗa, sak dai sharaɗin adon da ke zagaye hula. Yawancin abin da mai wasa ke gani a fuskar wayarsa irin wannan ne.

Na biyar shi ne motsi, wanda ba komai ba ne illa hotuna masu ɗan bambanci da ake sauyawa da sauri. A fara da hoto biyu: harshen wutar murhu ya karkata dama, ya karkata hagu. A tafi huɗu: guga na sauka rijiya yana hawowa. Sai hannu ya faɗa kafin a taɓa tafiyar ƙafa, wadda ita ce gwajin gwanaye.

Naci mai ido

Rabin awa a kullum, a shekara ya haura awa 180. Wannan ya fi zaman yini guda a wata, domin ido da hannu da maimaici suke koyo. To amma akwai naci, akwai kuma maimaita kuskure. Mutum zai iya shekara goma yana zana abin da ya riga ya iya, bai gusa ko taku ɗaya ba. Nacin da ke haifar da ci gaba yana da alamomi. Kowane zama a shiga da matsala ɗaya da ake son warwarewa, yau layi, gobe inuwa. Abin da aka fara a gama shi, ko da bai yi kyau ba, domin ƙananan zane goma da aka kammala sun fi babban gari guda da aka bari a rabi. A rubuta kwanan wata a kan kowane aiki, bayan wata uku a koma a sake zana wanda aka yi a makon farko, a jera su biyu. Wannan ne ma'aunin da ba ya yaudara.

Sannan a nemi mai gyara. Yabon abokai a WhatsApp yana da daɗi, amma ba ya nuna inda layi ya karye. Akwai zaurukan masu zanen ɗigo a intanet, kamar Lospec da Pixel Joint, inda ake samun jerin launuka da darussa da masu duba aiki. Ya halatta mai koyo ya buɗe aikin gwani, ya ƙara girmansa, ya kwaikwaye shi ɗigo bayan ɗigo domin ya gane dabara. Abin da bai halatta ba shi ne ya fitar da shi ya ce nasa ne.

Misalin da ya fi fitowa fili a wannan babi shi ne Eric Barone, wani matashi a Amurka da ya kammala karatun kimiyyar kwamfuta bai samu aikin da yake so ba. Ya zauna shi kaɗai na tsawon shekara huɗu da rabi yana gina wasan noma mai suna Stardew Valley, yana aikin wucin gadi a wani gidan kallo domin ya samu na kashewa. Bai fara a matsayin gwanin zane ba. Fuskokin mutanen wasan ya zana su ya sake, ya kuma sake, sau da dama, duk lokacin da hannunsa ya ƙara faɗawa. Wasan ya fito a watan Fabrairun 2016, kuma zuwa ƙarshen 2024 an sayar da fiye da kofe miliyan 40. Abin lura shi ne, wasan ba na yaƙi ba ne. Shuka ne da ban-ruwa da kiwo da kamun kifi da zaman ƙauye, wato rayuwar da akasarin mutanen Jigawa suka fi Barone saninta.

Me za mu zana?

A nan ne ɗan Dutse yake da abin da wani ba shi da shi. Kasuwar duniya ta cika da hotunan jarumai masu sulke da gidajen sarautar Turai. Wanda ya shiga da irinsu ya shiga layi mai tsawo. Amma wa ya zana adon bangon fadar Sarkin Dutse da ke Garu da ɗigo? Wa ya zana rumfunan kasuwar Shuwarin, ko gonar riɗi, ko kwalliyar dawakin hawan Sallah, ko dagin Arewa? A Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu da mutanen dā suka bari a jikin dutse. Da 'yan layuka kaɗan suka yi su, amma har yau duk wanda ya gani ya san saniya ce. Fitar da abu mai yawa da kayan aiki kaɗan tsohuwar sana'a ce a wannan ƙasa.

Akwai ma wani giɓi da ke jiran mai cikewa. Yawancin haruffan ɗigo da masu haɗa wasanni ke amfani da su ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Duk wanda zai yi wasa da Hausa, ko manhajar koya wa yara karatu, zai ci karo da wannan matsala. Matashin da ya zauna ya zana cikakken jerin haruffan Hausa masu lanƙwasa, ya sake su ga jama'a, ya yi wa harshensa hidimar da za a daɗe ana amfana da ita.

Tambayoyin da iyaye za su yi

Uba zai tambaya, akwai abinci a ciki? Amsar gaskiya ita ce akwai, amma ba da wuri ba, kuma ba ga kowa ba. Gasa tana da zafi, kuma duk wanda ya yi wa yaro alƙawarin dala cikin wata uku yaudararsa yake yi. Sai dai harkar ta riga ta kafu a nahiyarmu. Kamfanin Maliyo Games yana aiki a Legas tun 2012, kamfanin Kiro'o Games na Kamaru kuma ya fitar da wasansa mai suna Aurion a 2016, wanda aka gina a kan al'adun Afirka. Ko wanda bai kai ga sayar da wasa ba, idon da ya horu da siffa da launi zai yi masa amfani a zanen tambari, da tsara fuskar manhaja, har da fito da sabon adon hula.

Batun wuta da tsadar kayan aiki gaskiya ne, amma a nan ya fi sauƙi. Zanen ɗigo ba ya buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, kuma fayil ɗinsa ƙarami ne, ba ya cin data. Manhajoji irin su Piskel da LibreSprite da Pixelorama kyauta ne, Pixel Studio kuma tana aiki a waya. Aseprite, wadda ƙwararru da dama ke amfani da ita, ta kuɗi ce, kuma za ta iya jira. Ranar da babu caji, littafi da fensir suna nan.

Wani zai ce ƙirƙirarriyar basira ta zo, me ya rage wa hannun mutum? Tabbas tana fitar da hotuna masu kama da zanen ɗigo, kuma tana ƙara ƙwarewa. Amma sau da yawa ɗigonta ba sa zama daidai a gidajensu, launuka su yi yawa, siffar abu ta sauya daga hoto zuwa hoto. Wanda ya horar da idonsa ne zai gane hakan ya gyara. Injin ɗinkin ado ya daɗe da shigowa kasuwa, amma har gobe hular hannu ita ce mai daraja.

Akwai kuma masu damuwa da hukuncin zana abu mai rai. Wannan fage ne na malamai, kuma ya dace matashi ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da za a iya faɗa ta fuskar sana'a shi ne, kaso mai yawa na aikin gine-gine ne da itatuwa da ƙasa da kayan aiki da haruffa, kuma akwai masu zanen da a nan kaɗai suka ƙware.

Kira

Jigawa ba baƙuwa ba ce a harkar fasahar sadarwa. Cibiyar koyar da ita da ke Kazaure ta haura shekara ashirin tana yaye ɗalibai. A Dutse akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, akwai kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha. Shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya sa haɗa wasannin bidiyo da zanen motsi cikin fannonin da yake koyarwa. Abin da kwas na 'yan watanni ba zai iya bayarwa ba shi ne ɗorewa bayan an raba takardar shaida.

Don haka ina kira ga ƙungiyoyin ɗaliban kwamfuta a waɗannan makarantu da su kafa zama na mako-mako, inda kowa zai kawo abin da ya zana a duba a gyara. Su gayyaci masu zanen hula su zo su yi bayanin yadda suke tsara ado da zaɓen zare. Su kuma nemi shiga taron Global Game Jam da ake yi duk watan Janairu, inda ake haɗa ƙaramin wasa cikin awa 48. Makarantun sakandare za su iya shirya gasar zane a fili mai gida 16 ba tare da sun sayi komai ba sai takarda. A tabbatar an buɗe wa 'yan mata ƙofa, domin su ne suka fi kusa da allurar da muke magana a kai.

Ga matashin da ke karanta wannan kuwa, ba sai an jira gwamnati ba. Yau da daddare a buɗe littafi, a zana buta, a rubuta kwanan wata. Gobe a zana tulu. Allah Ya sa albarka a hannu, Ya ba da haƙurin ɗorewa.